Kundin Aiki: Elektirod ɗin Nanotub na Kabon Don Auna Dalma da Kadmiyam a Ruwan Unguwannin Legas

13 ga Janairu, 2025

Inda muke son kaiwa shi ne ɗan falle na gwaji mai araha, wanda za a ɗiga wa ruwan rijiya ko na burtsatse a Agege, Mile 12 ko Idi-Araba, ya nuna ko dalmar da ke ciki ta haura maikirogiram 10 a lita ɗaya, ko kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, ta haura 3. Waɗannan su ne iyakokin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, su ne kuma a ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, NIS 554. Ɗan Arewa ba sai an yi masa dogon bayani kan gubar dalma ba, tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Sai dai a Ikko ba ta dutsen zinariya take shigowa ba. Tana biyowa ta tsofaffin batura da ake fasawa, da tarkacen kayan lantarki, da tsohon fenti, da kawunan famfo na tagulla. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a nan galibi yana da ɗan tsami, irinsa kuwa yana cin ƙarfen da ya kwana a ciki. Daga burtsatse zuwa tanki, daga tanki zuwa jarkokin 'yan ga-ruwa, da wuya a samu inda ake auna shi.

Elektirod ɗin, wato bakin awo mai ɗaukar wuta da ake tsomawa a ruwan, hawa huɗu ne. A ƙasa akwai kabon mai ƙyallin gilashi, faɗinsa milimita 3, filinsa 0.071 cm². A kansa nanotub, wato siraran bututun kabon da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, mai bango da yawa wanda aka dafa da asid. Sai Nafion, wata irin roba, da zai riƙe shi, sai siririn fim, wato shafe, na ƙarfen bismut da ake shimfiɗawa lokacin awo. Hanyar awon tsohuwa ce: a ja ƙarfen da ke cikin ruwa ya taru a fuskar elektirod, sannan a kore shi a hankali. Kowane ƙarfe da boltejin da yake tashi, tsayin tudun da ya bari a allo kuma shi ke faɗin yawansa.

Sumio Iijima ya bayyana nanotub a 1991, a 1996 Britto da Santhanam da Ajayan suka fara yin elektirod da shi don auna dofamin. Tun daga nan rubuce-rubuce suka yi yawa, kusan kowanne na cewa nanotub ya ƙara ƙarfin sigina. Ƙa'idar wannan aiki ita ce ba za a rubuta "nanotub ne ya jawo" ba sai an gwada elektirod tsirara, da mai Nafion kaɗai, da mai garin girafait, a rana ɗaya da ruwa ɗaya.

Garin nanotub ana auna shi ne fanka a kashe, taga a rufe, da takunkumi da safar hannu, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma. Ba a sharewa da tsintsiya. A 2013 hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar kada ya wuce maikirogiram 1 a kowace kubik mita ta iska.

20 ga Janairu

Dafa nanotub da asid. Miligiram 100 na gari, aka fara jiƙa shi a asid ɗin haidirokulorik 6 M ya kwana, don a rage ƙarfen da aka tsiro da shi a masana'anta. Aka tace, aka wanke, aka busar. Daga nan sai gaurayen asid ɗin salfurik mililita 30 da naitirik mililita 10, dukansu masu kauri, a bahon sonik, mai girgiza ruwa da sauti, awa uku, cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Jan hayaƙin da ke tashi NO₂ ne, ba abin shaƙa ba ne ko kaɗan.

Zafi shi ne abin lura. Bahon sonik da kansa yake ɗumama ruwansa, a ɗakin da babu na'urar sanyi kuwa nan da nan zai wuce digiri 50. In haka ta faru asid ba ya tsayawa kan dasa rukunin kaboksil, wato 'yan maƙalai masu tsami da ake ɗaura abu a kansu, a bakin bututu da wuraren da bango ya tsage, sai ya shiga daddatsa bututun, wutar da fim ke iya ɗauka ta ragu. Mun riƙe shi ƙasa da digiri 40 da ƙanƙara, ana sauya ruwan bahon kowane rabin awa.

Bayan nan a zuba gaurayen a hankali cikin mililita 400 na ruwa mai sanyi. Asid ke shiga ruwa, ba ruwa ke shiga asid ba. Takardar tacewa ta robar PTFE ce mai ramin 0.22 µm. Ta nailan asid zai cinye ta. PTFE ɗin da ba a sarrafa ta don ruwa ba kuma ƙin wucewa ruwan zai yi, sai an fara jiƙa ta da etanol. Ana ta wanki har takardar awon tsami ta nuna 6, a busar a digiri 60.

3 ga Fabrairu

Ruwan wankin ƙarshe fari tas yake fitowa, wanda bai sani ba sai ya ce an gama. Da aka zuba wa garin soda mai ƙuna 0.01 M sai ruwan tacewa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Wannan ɓurɓushin kabon ne da asid ya ƙona, ƙananan gutsattsari masu ɗauke da kaboksil da yawa, suna manne a jikin bututu. In an bar su, yawancin abin da za a ɗaura daga baya a kansu zai ɗauru, ranar da elektirod ya shiga ruwan da ba shi da tsami sosai su saki su tafi da shi. An ci gaba da wanki da soda har launin ya ɗauke, aka bi da haidirokulorik 0.1 M don mayar wa kaboksil haidirojin ɗinsa, aka ɗauraye.

Gwaji mafi sauƙi: miligiram 1 a mililita 10 na ruwa, a girgiza a sonik, a ajiye. Ɗanyen gari cikin mintuna yake kwantawa a gindin kwalba. Dafaffen ya kwana ya wuni yana nan baƙi wuluk. Na'urar infrared ta nuna alamar C=O wajen 1720 cm⁻¹, a awon haske na Raman kuma tudun D na wajen 1350 ya ƙaru in an kwatanta da G na wajen 1580, shaidar bango ya samu tabo.

Sai gwajin toka. Aka ƙone miligiram 20 na kowanne a digiri 800. Ɗanyen ya bar toka ja mai launin tsatsa. Dafaffen ya bar kaɗan, amma ya bari. Wani ƙarfen a lulluɓe yake cikin bangon kabon, asid ba ya kai masa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2006 rukunin Richard Compton na Jami'ar Oxford suka nuna cewa abin da ake yabon nanotub da shi wajen auna haidirojin feroksaid, ɓurɓushin tsatsar ƙarfen da ke cikinsa ne ke yin aikin. Saboda haka kowane rukunin gari da muka dafa ana ba shi lamba, ba a haɗa sakamakon rukuni biyu a jadawali ɗaya.

17 ga Fabrairu

Goge elektirod: garin alumina 1.0 µm, sai 0.3, sai 0.05, kowanne da ƙyallensa, ana zana lamba takwas, elektirod a tsaye ƙyam. A wanke a sonik cikin etanol minti biyu, cikin ruwa minti biyu.

Ana tabbatar da gogewar da sinadarin gwaji ferisayanaid 5 mM cikin KCl 0.1 M, a gudun 50 mV a daƙiƙa. Lissafin Randles da Ševčík, in an ɗauki saurin yaɗuwa 7.6 × 10⁻⁶ cm²/s, yana ba da tudu mai kusan 59 µA ga wannan fili. Tazarar tudun zuwa da na dawowa a ƙa'ida 59 mV ce a digiri 25. Mun sa iyaka: duk wanda ya wuce 80 mV ya koma kan ƙyalle. In an sake gogewa tazarar ba ta ragu ba, a duba elektirod ɗin ma'auni na azurfa, wanda ake kwatanta bolteji da shi. Ko kumfar iska ta maƙale a bakinsa, ko gishiri ya toshe matoshin. Akwai na biyu a ajiye cikin KCl 3 M da ba a aiki da shi, kullum da safe ana haɗa su da mita, bambancin kada ya wuce 5 mV.

24 ga Fabrairu

Ɗiga fim. Da farko miligiram 1 na garin a mililita 1 na ruwan sinadarin DMF, maikirolita 5 a fuskar elektirod, wato maikirogiram 5 na nanotub, kusan 70 a kowace cm². DMF yana warwatsa garin da kyau, amma sai digiri 153 yake tafasa, bushewarsa da jinkiri. Da aka sa fitila don a hanzarta, fim ya bushe da zobe: baki mai kauri, tsakiya kusan tsirara, irin zoben da gindin kofi ke bari a teburin mai shayi. Dalili shi ne gefen ɗigo ya fi saurin bushewa, ruwa na ta gudu daga tsakiya zuwa gefe yana jan garin. Wani zoben ma har kan robar da ke kewaye da kabon yake hawa, filin da ke aiki ya bambanta daga wannan elektirod zuwa wancan.

Abin da ya gyara shi: a raba ɗigon biyu, 2.5 µL a bari ya bushe, a ƙara 2.5 µL, elektirod a miƙe cikin ramin kwali, a kife bika a kai. Babu fitila, babu fanka.

Ruwan haɗin ma an sauya shi zuwa rabi etanol rabi ruwa da Nafion a ciki, bisa abin da Joseph Wang da abokan aikinsa suka nuna a 2003, cewa Nafion na iya warwatsa nanotub. Maikirolita 100 na Nafion mai kashi 5 cikin ɗari a kowace mililita ya yi yawa, don a nauyi ya ninka nanotub ɗin fiye da sau huɗu, fim ya yi ƙyalli, sigina ya yi nauyin tashi. An sauko zuwa maikirolita 20, kusan ɗaya da ɗaya ke nan.

Wanda zai maimaita ya lura: da Nafion ya shiga, tudun ferisayanaid raguwa zai yi. Ba lalacewa elektirod ya yi ba. Nafion cajin ragi yake ɗauke da shi, haka kaboksil, haka ferisayanaid, suna ture juna. Wannan turewar ita ce kuma ke jawo dalma da kadmiyam, tun da su cajinsu na ƙari ne.

10 ga Maris

Layin ƙasa na allo kan yi tsalle-tsalle duk lokacin da aka koma kan janareta. Abu huɗu aka yi. Kwamfuta da na'urar awo suka koma kan batir, a cire caja lokacin awo, domin cajar ce ke shigo da yawancin hayaniyar. Aka yi akwatin kariya da kwali da takardar alminiyam, aka haɗa shi da wayar ƙasa ta na'urar. Aka kuma duba sandar ƙasa ta ginin, ashe wayarta ta ci tsatsa ta rabu.

Na huɗun, saurin bugun awo, ya fi daɗin bayani. Wutar Najeriya 50 Hz ce, zagaye ɗaya milisakan 20. A awo mai bugu murabba'i na'ura na ɗaukar karatu a ƙarshen kowane rabin bugu, ta debe na biyu daga na farko. In an sa bugun a 50 Hz, karatun biyu milisakan 10 ne tsakaninsu, ɗaya a saman igiyar wuta ɗaya a ƙasanta, in an debe sai hayaniyar ta ninka. A 25 Hz tazarar milisakan 20 ce cif, duka biyun a wuri ɗaya suke faɗowa, hayaniyar ta cinye kanta. Matsalar ƙaramin janareta ita ce ba ya zama a 50, da an kunna firiza ko injin jan ruwa sai ya sauka. Shi ya sa 25 Hz ke aiki lafiya a wutar layi, a janareta kuma sai an haɗa da batir.

24 ga Maris

Awon farko da bismut. Bafa, wato ruwan da ke riƙe tsami a wuri ɗaya, ta asitet 0.1 M mai tsami 4.5: giram 4.8 na sodiyam asitet mai ruwa uku, mililita 3.7 na asid ɗin asitik tsantsa, a cika lita ɗaya, a daidaita da mita. A kofin awo mililita 10, a zuba maikirolita 40 na bismut mai 100 mg/L, ya zama 400 µg/L. Ana so bismut ya ninka ƙarfen da ake nema aƙalla sau goma. Shi aka zaɓa maimakon zaiba saboda gubarta, kuma tun 2000 aka nuna yana yin kusan aikinta, ba ya ma buƙatar a kori iskar oksijin daga ruwan.

Tarawa a −1.2 V daƙiƙa 120 ana juyawa, a tsaya daƙiƙa 10, a kora zuwa +0.3 V da bugu 25 Hz, tsayin bugu 25 mV, taki 5 mV. A wanke a +0.3 V daƙiƙa 30. Kadmiyam ta fito wajen −0.8 V, dalma wajen −0.55 V, bismut kansa can gaba kusa da −0.1 V.

An gwada −1.4 V don a ga ko tutiya za ta samu shiga. Kumfar haidirojin ta taru a ƙarƙashin fim, ta ɗaga shi, guntayen baƙi suka riƙa yawo a kofin. An bar maganar tutiya.

Ruwan fanko, wanda ba a zuba masa komai ba, shi ma ya nuna ɗan tudu a wurin dalma. Ruwa ba ya tsami banza. Aka bi kayan ɗaya bayan ɗaya, aka same ta a kwalaben gilashi da aka taɓa zuba wa ma'auni mai kauri, wato ruwan da aka san yawan dalmar da ke cikinsa, sai kaɗan a asid ɗin naitirik na gama-gari. Yanzu komai na roba ne, a jiƙa shi awa 24 a naitirik kashi 10 cikin ɗari, asid kuma mai tsarkin awon ƙarafa. Kawunan fifet marasa launi kawai, tun da wasu launukan rawaya na roba da kadmiyam ake yin su. Ma'auni mai 1 mg/L a naitirik kashi 1 cikin ɗari ake haɗa shi, maikirolita 100 nasa a kofin ya ba da 10 µg/L.

14 ga Afrilu

Kwatance huɗu: tsirara, Nafion kaɗai, girafait da Nafion, nanotub da Nafion, duka da bismut.

Nanotub ne ya fi tsayin tudu, wannan ba gardama. Amma layin ƙasansa ma shi ya fi tashi, domin fili mai yawa wutar caji mai yawa yake sha, hayaniyarsa kuma ta ƙaru tare. Iyakar ganowa ba tsayin tudu ba ce, sau uku ne na rawar fanko a raba da gangaren layin ma'auni. Da aka lissafa haka, ratar da ke tsakanin nanotub da Nafion kaɗai ta tsuke sosai, girafait ma bai yi nisa a baya ba. Babban rabon ribar na Nafion ne da bismut. Nanotub ya ƙara, musamman a kadmiyam, amma ba yadda hoton tudu ke nunawa ba.

An kuma duba dalilin ƙarin. Aka sauya gudun awo daga 10 zuwa 500 mV a daƙiƙa, aka zana logaritim ɗin tudu kan na gudu. In abu daga cikin ruwa yake yaɗuwa zuwa fuska, gangaren 0.5 ne. In a maƙale yake cikin ramukan fim, yana kusantar 1. Na fim mai maikirogiram 5 ya ɗan haura 0.5, na mai 20 ya haura sosai. Ke nan fim mai kauri ruwa yake riƙewa a cikinsa, tazarar tudu ta ragu, a ɗauka wutar ce ta ƙara sauri alhali ba ita ba ce. Ga awonmu illarsa a fili take: dalmar awon da ya wuce tana saura a ramuka ta bayyana a na gaba. An tsaya a maikirogiram 5, wanki kuma ya koma daƙiƙa 60.

Zafin ɗaki ana rubuta shi a gefen kowane awo. Saurin yaɗuwa na ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri, layin da aka zana da safe ba zai yi wa awon azahar ba.

5 ga Mayu

Ruwan unguwa. An nemi izinin mai unguwa da shugaban 'yan ga-ruwa kafin a ɗebi komai, aka kuma yi alkawari cewa in an samu wani abu, mai burtsatsen da masu jan kura daga wurinsa za su fara ji. Kwalabe lamba kawai ke jikinsu. Ba za a rubuta sakamakon wani wuri a nan ba sai babbar na'ura ta tabbatar, domin jita-jitar cewa burtsatsen wane na da guba ta isa ta kashe wa mutane da yawa abinci.

Kowane famfo kwalba biyu: ruwan farko na asuba da ya kwana a bututu, da na bayan minti biyar yana zuba. In dalmar na farkon ta fi, daga famfo ko bututu take, ba daga ƙasa ba. Ana zuba naitirik mililita 1.5 a kowace lita nan take, don ƙarfe kada ya manne a bangon kwalba.

Wannan asid ɗin yana da sakamako a kofin awo. Mililita 5 na ruwa da mililita 5 na bafa 0.2 M, tsamin ya sauka daga 4.5 zuwa wajen 4.2, tudu ya gusa. Ana dawo da shi da ɗigon soda. Kuma tun da an raba ruwan biyu, iyakar dalma a kofin ta zama 5 µg/L, ta kadmiyam 1.5. Elektirod ɗin da ba ya ganin 1 na dalma da 0.5 na kadmiyam ba shi da amfani gare mu.

A nan ne gizo ke saƙar. Layin ma'auni na ruwa mai tsabta bai yi wa ko ɗaya daga ruwan unguwa ba. Kowane ruwa da gangarensa, saboda haka duk awo yanzu da ƙari ake yi: a auna ruwan, a ƙara ma'auni sananne sau uku a cikinsa, a ja layi baya. Abin da aka ƙara dole a sake ganin kashi 85 zuwa 115 cikin ɗari nasa, in ba haka ba awon ya faɗi.

Masu danne tudu uku ne. Na farko jan ƙarfe, wanda ke rige bismut kama wuri a fuskar elektirod. Maikirogiram ɗari kaɗan nasa a lita sun isa su kwantar da kadmiyam. Maganinsa ferosayanaid 0.1 mM, a bari minti goma ya ɗaure shi. In an wuce haka da yawa, dalma da kadmiyam ma ɗaurewa za su yi. Kuma sai bayan an daidaita tsami ake zuba shi, ba a haɗa shi da asid mai ƙarfi, don yana iya sakin iskar sayanaid. Na biyu sabulu da omo, a rijiyoyin da ke kusa da wurin wanki ko kwata. Alamarsa tudu na raguwa awo bayan awo a ruwa ɗaya. Nafion na tarewa, ba duka ba. Irin wannan ruwa sai an haska shi da fitilar UV tare da ɗigon feroksaid, a kuma dafa shi har feroksaid ɗin ya ƙare, in ya saura layin ƙasa karkacewa yake yi. Na uku gishiri, a ruwan ɓangaren da ke kusa da lagun. Kulorayid na tura tudun biyu baya, in ya yi yawa kuma bismut ya koma farin ƙura a kofin. Ruwa mai jan tsatsa na burtsatse ba a tace shi kafin asid, in an tace dalmar da ta manne wa tsatsar za ta tafi da ita.

26 ga Mayu

Don kauce wa wannan rigima ta ruwa, an fara reshe na biyu: a ɗaura sistin (cysteine), wani amino asid mai farar wuta, a jikin nanotub, ya kamo ƙarfen ba tare da wuta ba, a ɗauraye elektirod, a kai shi bafa mai tsabta a auna. Gishiri da sabulu a bar su a kofin farko.

Miligiram 10 na dafaffen gari a mililita 10 na bafar MES 0.1 M mai tsami 6.0, sai sinadaran ɗauri biyu, EDC miligiram 38, NHS miligiram 58, a juya minti 30. A kaɗa a injin tace, a zubar da ruwan, a mayar da garin bafa mai 7.4 da sistin miligiram 12, ya kwana ƙarƙashin naitirojin don farar wutar da ke jikinsa kada ta haɗe biyu-biyu. Bafar Tris ba ta shiga wannan aiki, tana da amin irin na sistin da zai ƙwace wurinsa. In fosfet aka yi amfani da shi sai an wanke sosai, ragowarsa na kwantar da dalma ya ba da tudun ƙarya.

Rukunin farko bai ɗauru ba. Gwajin Ellman, wanda ke yin rawaya a 412 nm in akwai farar wuta a sake, bai bambanta shi da wanda ba a sa wa EDC ba. Garin EDC ɗin ya dunƙule ya yi danƙo. Damina ta kankama, iska cike da laima, kwalba ta fito daga firiza aka buɗe ta da sanyinta, raɓa ta sauka ciki. Ɗaukewar wuta ma na sa firiza narkewa da sake daskarewa. EDC kuwa ruwa na taɓa shi ya mutu. Sabuwar kwalba an rarraba ta ƙananan kwalabe na amfani ɗaya, cikin gwangwani mai silika, a bar kowace rabin awa a tebur kafin buɗewa, a narka a zuba cikin minti ɗaya. Rukuni na biyu ya yi rawaya sarai, na kwatancen kuma bayan wanki kusan babu.

16 ga Yuni

Sistin ya yi abin da aka nema a ruwa mai gishiri da mai sabulu: minti 10 na kamawa a tsami 5.5, gangaren ya kusa na ruwa mai tsabta. A ruwa mai jan ƙarfe ya fi muni, domin farar wuta ta fi son jan ƙarfe a kan dalma, shi ke cike wuraren. Sabunta fuskar da EDTA 0.05 M, sinadari mai ƙwace ƙarfe, yana yi, amma sigina na raguwa da kowane zagaye. Reshen ya fi dacewa da fallen da za a yi amfani da shi sau ɗaya a yar.

An fara komawa kan fallen da aka buga da tawadar kabon, mai faɗin milimita 4, fili 0.126 cm². Don a riƙe kaurin fim ɗaya ana buƙatar maikirogiram 9, ɗigo uku na 3 µL. DMF ba ya kusantarsa, yana narkar da tawadar da rufin gefe. Etanol ma an rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'aunin azurfar da ke jikin fallen ba shi da ruwan gishirinsa, boltejinsa na bin kulorayid ɗin ruwan da aka ɗiga, don haka ana sa KCl 0.05 M a bafa, a riƙa duba ko bismut ya yi fari. Ɗigo kuma ba ya juyuwa, tarawa ta koma daƙiƙa 300. Ana gwada ƙaramin injin jijjiga na tsohuwar waya, irin wanda ake samu a kasuwar Computer Village, a manne shi ƙarƙashin fallen.

Rabin kowace kwalba ta 5 ga Mayu na firij, za a kai shi awon ICP-MS, babbar na'urar auna ƙarafa. Na'urar AAS mai harshen wuta ba za ta yi ba, iyakar ganinta a dalma ta yi kusa da 10 µg/L ɗin da muke son rabewa ko ta wuce ta. Fallaye ashirin daga rukunin gari ɗaya an ɗiga su yau. Goma na cikin leda mai silika a firij, goma a aljihun tebur cikin laimar ɗaki, za a riƙa cire bibbiyu daga kowane ɓangare duk mako biyu a auna su da 10 µg/L na dalma da 3 na kadmiyam.